Ƙudajen Soja na Ƙasashe Masu Zafi: Rabe-rabensu, Ƙirar Jikinsu da Wuraren da Suke Rayuwa

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi iyalin ƙudajen da masana ke kira Stratiomyidae, wato ƙudajen soja. Ta bi diddigin yadda aka rarraba su tun daga zamanin Linnaeus, ta fayyace alamomin jikin da ake gane su da su, sannan ta duba yadda suka bazu a ƙasashe masu zafi na Amurka, Afirka, Asiya da Ostareliya. Ta daɗe a kan baƙin ƙudan soja, Hermetia illucens, wanda a yau ake kiwon tsutsarsa don ciyar da kaji da kifi. Matsayar maƙalar ita ce kiwo ya yi wa sani nisa: nau'i ɗaya ya yi suna, ya rufe 'yan'uwansa kimanin 2,700, kuma savanar Afirka ta Yamma tana cikin wuraren da aka fi buƙatar a tattara waɗannan ƙwari a tantance su.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tona jujin bayan kasuwar kayan marmari da damina, inda ake zubar da ruɓaɓɓen mangwaro da ɓawon lemo, yana iya cin karo da wata irin tsutsa da ta bambanta da wadda aka saba gani. Tsutsar ƙudan gida fara ce, mai laushi, mai tsinin kai. Wannan kuwa faffaɗa ce, fatarta da kaushi kamar sandfefa, kuma idan ta tsufa sai ta yi duhu ta bar jujin ta kama hanya. A jikin bango ko a kan ganyen da ke kusa, sau da yawa akan ga wani baƙin ƙwaro zaune shiru, fukafukansa a haɗe bisa bayansa. Mai wucewa zai rantse zanzaro ne, har ya kauce don gudun harbi. Amma kama da wane ba ta wane. Ƙuda ne, ba shi da ƙari, ba ya kuma cizo. Shi ne uban waccan tsutsa.

Shekaru 20 da suka wuce masana ƙwari ne kaɗai suka damu da shi. Yau kamfanoni a Turai, Asiya da Afirka suna kiwonsa a manyan rumfuna, kuma tsadar waken soya da garin kifi ta sa masu kaji da masu tarwada a Najeriya sun fara tambayar yadda ake yi. Wannan sha'awa tana da kyau. Sai dai ta zo da wani giɓi: ana maganar “ƙudan soja” kamar ƙwaro ɗaya ne tilo, alhali iyali ne babba mai rassa 12, wanda wasu 'ya'yansa ke rayuwa a cikin ruwa, wasu a ƙarƙashin ɓawon mataccen itace, wasu kuma suna cinye saiwar rake.

Don a fahimci juna, maƙalar za ta yi amfani da kalmomi biyar na matakan rabe-rabe, daga babba zuwa ƙarami: rukuni, iyali, reshe, dangi da nau'i. Sunan kimiyya na kowace halitta kalmomi biyu ne, ta farko sunan dangi, ta biyu sunan nau'i.

Matsayinsu a cikin ƙudaje

Ƙudajen soja suna cikin rukunin Diptera, wato ƙwari masu fukafukai biyu, inda sauro da ƙudan tsando da ƙudan gida suke. A cikin wannan rukuni suna ɓangaren masu gajeren ƙahon ji, Brachycera, kuma suna daga cikin tsofaffin zuriyoyin wannan ɓangare. An samu wani ɗan ƙaramin nau'i, Cretaceogaster pygmaeus, maƙale cikin daskararren ƙaro a ƙasar Kanada, tun daga zamanin da manyan ƙadangarun nan da suka shuɗe ke yawo a bayan ƙasa.

'Yan'uwansu mafi kusa iyalai biyu ne. Akwai Xylomyidae, waɗanda tsutsarsu ke zama a ƙarƙashin ɓawon itace. Akwai kuma Pantophthalmidae na dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, nau'i kimanin 20 kacal, amma cikinsu akwai ƙudajen da suka kai tsawon ɗan yatsan mutum, waɗanda tsutsarsu ke huda gangar itace kamar gara.

Sunan iyalin ya fito daga harshen Girka, daga kalmar soja da kalmar ƙuda. Bafaranshe Geoffroy ne ya kafa dangin Stratiomys a 1762, sannan wani Bafaranshen, Pierre André Latreille, ya ɗaga sunan zuwa na iyali a 1802. Akwai bayani biyu kan dalilin kiransu sojoji. Wasu sun ce ratsin rawaya da baƙi ko kore da ke jikin da yawa daga cikinsu ne ya yi kama da kakin sojojin wancan zamani. Wasu kuma sun ce ƙayoyin da ke bayan ƙirjinsu ne aka ɗauka a matsayin makamai, kuma Jamusawa har yau suna kiransu da sunan da ke nufin ƙudaje masu makami.

Aikin da ya tara iyalin duka wuri ɗaya shi ne kundin duniya da Ba'amurke Norman Woodley ya fitar a 2001. Daga wannan kundi da abin da aka ƙara bayansa, lissafin ya kai nau'i kimanin 2,700 cikin dangi kimanin 380, a ƙarƙashin rassa 12: Parhadrestiinae, Chiromyzinae, Beridinae, Antissinae, Pachygastrinae, Clitellariinae, Hermetiinae, Chrysochlorininae, Sarginae, Raphiocerinae, Stratiomyinae da Nemotelinae.

Rassan nan ba su zo daidai wa daida ba. Parhadrestiinae dangi ɗaya ne mai rai, kuma a ƙasar Cile kawai ake samunsa. Pachygastrinae kuwa ya fi kowane reshe yawan dangi, kusan rabin na iyalin duka, kuma da yawa daga cikin dangin nan nau'i ɗaya tal ne a cikinsu. Wannan yana nuna abu biyu: reshen ya rarrabu sosai a dazuzzuka masu zafi, kuma masana na farko sun riƙa ba da sabon suna ga duk wanda suka ga ya ɗan bambanta, daga samfuri ɗaya ko biyu da wani matafiyi ya kai musu Turai.

A nan ne wata musiba ta shigo tarihin fannin. Ƙa'idar sanya suna ita ce kowane nau'i yana da samfurin asali da aka ajiye a gidan tarihi, wanda za a koma a duba idan gardama ta taso. Masanin ƙasar Hungari, Kálmán Kertész, ya siffanta dangi da nau'o'in Pachygastrinae masu yawa a farkon ƙarni na 20, ya ajiye samfuransu a gidan tarihin halittu na Budapest. A rikicin 1956 gobara ta cinye ma'ajiyar ƙudajen gidan. Sunayen sun tsira a takarda, ƙudajen da aka ɗora sunayen a kansu sun zama toka, kuma har yanzu masu bincike suna fama da warware wanne ne wanne.

Ƙirar jikin babba

Girman ƙudajen soja ya kama daga milimita 2 zuwa kusan santimita 3. Siffarsu ta bambanta ƙwarai: akwai siriri mai ƙyalli kamar an shafa masa koren ƙarfe, akwai dunƙulalle baƙi kamar ƙwayar barkono, akwai faffaɗa mai ratsi irin na ƙudan zuma. Me ya haɗa su ke nan?

Amsar tana fiffike. Idan aka shimfiɗa fiffiken ƙudan soja a ƙarƙashin madubin ƙara girma, za a ga jijiyoyin gaba sun yi kauri sun cunkushe kusa da bakin gaba, na baya kuma sun yi siriri, wasu ma sun dusashe kafin su kai baki. A tsakiya akwai wani ɗan ƙaramin gurbi rufaffe da jijiyoyi suka kewaye, wanda daga gare shi jijiyoyin baya ke fita kamar yatsu daga tafin hannu. Jijiyar da ta bi bakin gaba tana ƙarewa kafin ƙarshen fiffiken, ba ta zagaye shi. Mai binciken da ya ga waɗannan alamomi uku ya san a wane gida yake. Yawan jijiyoyin da suka fita daga ɗan gurbin, uku ko huɗu, da inda suka taso, suna daga cikin abubuwan da ake raba rassa da su.

Idan ƙudan ya sauka, yakan ɗora fukafukansa ɗaya bisa ɗaya a kan ciki, kamar almakashi a rufe. A bayan fukafukan akwai wasu ƙananan sanduna biyu masu kan kulki, ragowar fukafukai na biyu da suka ƙanƙance suka zama ma'aunin daidaito a sama. Wannan ita ce hujjar da ta fi sauƙi ta raba ƙuda da zanzaro ko rina, domin su waɗancan fukafukai huɗu gare su.

A ƙarshen bayan ƙirji akwai wani ɗan tudu kamar garkuwa, wanda a dangi da yawa yake ɗauke da ƙayoyi. Odontomyia da Stratiomys biyu gare su. 'Yan reshen Beridinae sukan kai huɗu, shida ko fiye. Sargus da Hermetia ba su da ko ɗaya. Jikin ƙudan soja kuma ba shi da manyan gasu masu tauri irin waɗanda suka cika bayan ƙudan gida, sai dai lallausan gashi, wani lokaci mai ruwan azurfa ko zinariya. A ƙarshen kowace ƙafa akwai matasai uku na mannewa, inda ƙudan gida yake da biyu.

Ƙahon ji shi ne ya fi kowane sashe taimaka wa mai rarrabewa. Gaɓarsa ta uku a haƙiƙa tarin ƙananan gaɓoɓi ne, har zuwa takwas. A Sarginae sun dunƙule sun yi kamar ƙwallo, da wani siririn gashi a kai. A Stratiomys gaɓar farko ce ta yi tsawo, ƙahon ya lanƙwashe kamar gwiwar hannu. A Hermetia gaɓar ƙarshe ta miƙe ta faɗaɗa kamar ruwan wuƙa, kuma ita ce ke ba wa baƙin ƙudan soja dogon ƙahon da ke sa a ɗauke shi zanzaro.

A mafi yawan dangi idanun namiji sun haɗu a saman kai, na mace kuma a rabe suke. Hermetia illucens ya fita daga wannan ƙa'ida: idanun duka biyun a rabe suke, don haka mai kiwo ba zai gane mace da namiji ba sai ya duba ƙarshen ciki. A wurin masana ma, ƙarshen cikin namiji ne alƙali na ƙarshe. Nau'o'i biyu suna iya yin kama kamar an tsaga kara, sai an jiƙa wannan sashe an buɗe shi a ƙarƙashin madubi kafin bambancin ya fito.

Tsutsa mai sulken alli

Mafi yawan rayuwar ƙudan soja a matsayin tsutsa yake yin ta, kuma tsutsar ta fi babban ƙudan ban mamaki. Ba ta da ƙafafu. Kanta ƙarami ne mai tauri, rabinsa a shige cikin jiki, sannan gaɓoɓi 11 suka biyo baya, uku na ƙirji, takwas na ciki. Kaushin fatarta ya samo asali daga ƙananan faranti na sinadarin alli da suka jeru a jikinta kamar ɗakunan saƙar zuma. Wannan sulke yana kare ta daga bushewa da rauni, kuma shi ya sa tsutsar ke da sinadarin ƙarfafa ƙashi mai yawa idan aka kwatanta da ta sauran ƙwari, abin da ke da amfani ga kaza mai ƙwai. A ƙasan gaɓa ta shida ta ciki akwai wani ɗan tabo wanda siffarsa ke bambanta daga nau'i zuwa nau'i, kuma masana suna dogara da shi tare da jerin gasun jiki wajen tantance tsutsa.

Idan lokacin rikiɗa ya yi, tsutsar ba ta yar da fatarta ta ƙarshe. A cikinta take kwanciya ta sake halitta, har ranar da babba zai tsaga ta ya fito.

Tsutsar Odontomyia da Stratiomys a cikin ruwa take, a bakin tafki da fadama da gonakin shinkafa. Gaɓarta ta ƙarshe ta yi tsawo kamar wutsiya, kuma a ƙarshenta akwai rawanin gashi da ruwa ba ya jiƙawa. Sai ta rataye kanta a ƙasa, ta buɗe rawanin a saman ruwa ta shaƙi iska. Idan ta ji motsi sai ta rufe shi a kan ɗan kumfar iska ta nutse da guzurinta. Wannan dabara ta ja hankalin masanin ƙasar Holan, Jan Swammerdam, tun ƙarni na 17, har ya feɗe tsutsar ya zana sassanta. Wasu 'yan wannan reshe na Stratiomyinae suna jure ruwan zafi na maɓuɓɓuga, kuma Nemotelus, ƙanana masu tsinin fuska, sun fi son bakin ruwa mai gishiri.

Tsutsar Pachygastrinae tana zama a ƙarƙashin ɓawon itacen da ya faɗi. Ta Sarginae tana cikin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da kashin dabbobi da tarin ciyawa. Reshen Chiromyzinae ne kaɗai ya yi suna da ɓarna, domin tsutsarsa saiwa take ci.

Inda suke a duniya

Babu nahiyar da ba su sai ta ƙanƙara da ke ƙarshen kudu, amma arzikinsu yana wurare masu zafi da laima. Yankin da ya taso daga Meziko zuwa kudancin Amurka ta Kudu ya fi ko'ina, da nau'i kusan 1,000, fiye da kashi ɗaya bisa uku na iyalin. Can ne gidan Merosargus, dangi mai nau'i fiye da 100 da ke ƙyanƙyasa a ruɓaɓɓun furanni da 'ya'yan itacen daji, da Cyphomyia masu shuɗin jiki da rawayan kai. Can ne kuma cibiyar rassan Raphiocerinae da Chrysochlorininae, da mafi yawan nau'o'in Hermetia sama da 70.

Ostareliya tana da nata abin mamaki. Macen Boreoides subulatus ba ta da fukafukai sam, a ƙasa take rarrafe, namijin da bai kai ta girma ba shi ke tashi ya nemo ta. Inopus rubriceps kuma ya zama ciwon kai ga masu noman rake a jihar Kwinslan. Tsutsarsa tana tsotsar saiwa har raken da aka sare ya kasa sake tohowa. Daga can ya tsallaka zuwa Niyu Zilan ya addabi wuraren kiwo, ya kuma isa Kalifoniya a Amurka. Labarinsa gargaɗi ne ga duk mai ɗaukar cewa kowane ƙudan soja abokin manomi ne.

A Afirka kudu da Sahara, haɗe da Madagaska, abin da aka rubuta ya tasam ma nau'i 400. Dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suna da Platyna hastata, wanda Fabricius ya siffanta a 1805, mai faffaɗan ciki kamar faifai, wanda na namijin ke walƙiya kamar azurfa idan yana shawagi a inda rana ta ratso ganye. Ptecticus, masu ruwan lemo ko ɗorawa, suna taruwa a kan 'ya'yan itacen da suka faɗo, daga Afirka har kudu maso gabashin Asiya. Microchrysa ƙanana ne masu koren ƙyalli da ake gani kusa da gidaje. Odontomyia kuma, masu koren ciki, suna kan furanni a bakin ruwa.

Akasarin wannan sani daga waje aka gina shi. Bajamushe Erwin Lindner na Stuttgart ya shafe shekaru da dama yana siffanta ƙudajen sojan Afirka daga samfuran da aka aika masa. A 1980 gidan tarihin halittu na Landan ya fitar da kundin ƙudajen Afirka ƙarƙashin jagorancin Roger Crosskey, wanda ya yi aikinsa na farko a Arewacin Najeriya a shekarun 1950 kan ƙudan tsando da baƙin ƙudan da ke yaɗa makantar kogi. Maurice James ne ya rubuta sashen ƙudajen soja a ciki. A wannan shekarar kuma J. T. Medler ya buga jerin sunayen ƙwarin Najeriya. Jagora mafi sabunta shi ne juzu'i na biyu na littafin ƙudajen Afirka da aka buga a Afirka ta Kudu a 2017, wanda Ashley Kirk-Spriggs da Bradley Sinclair suka tsara, inda Martin Hauser da Woodley da Diego Fachin suka ba da mabuɗin gane dangi.

Taswirar da waɗannan ayyuka suka zana tana bin sawun masu tattarawa ne. Inda aka fi kafa tarko, kamar Afirka ta Kudu da Kwango da Gabashin Afirka, nan aka fi samun sunaye. Ƙarancin sunaye daga savana da Sahel alama ce ta ƙarancin masu nema kafin ta zama alamar ƙarancin ƙwari.

Nau'in da ya zama ruwan dare

Carl Linnaeus ya ba wa baƙin ƙudan soja suna a 1758, a bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae, inda ya kira shi Musca illucens. Latreille ya kafa dangin Hermetia a 1804. Kalmar illucens tana nufin mai haske, saboda wasu tagogi biyu garai-garai da ke gindin cikinsa. Daga nesa tagogin nan sukan ɓace wa ido, sai a ga kamar ƙugunsa ya tsuke irin na zanzaro. Tsawonsa milimita 15 zuwa 20, fukafukansa masu duhun hayaƙi, ƙarshen ƙafafunsa fari.

Rayuwarsa gajeriya ce. Maza sukan taru a kan ganye inda rana ke haskawa, kowa ya tsare wurinsa, kuma barbara ba ta yiwuwa sai da haske mai ƙarfi. Mace takan zuba ƙwai ɗaruruwa, sau da yawa kimanin 500, a busasshen tsagi kusa da abin da ya ruɓe, ba a cikinsa ba. Bayan kamar kwana huɗu su ƙyanƙyashe. Tsutsar tana wuce matakai shida, kuma idan abinci ya wadata da zafi na digiri 27 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, takan ƙoshi cikin mako biyu zuwa uku. A mataki na ƙarshe sai ta daina ci, ta yi baƙi, bakinta ya koma kamar ƙugiya, ta hau ta fita neman busasshen wuri. Masu kiwo suna cin gajiyar wannan hali, su kafa mata gangara ta bi da kanta ta faɗa bokiti. Babban yana rayuwa ne da kitsen da ya tara yana tsutsa, sai ɗan ruwa ko zaƙin fure da yake lasa, shi ya sa ba ya bin kwanon abinci kamar ƙudan gida.

Cikin tsutsar ma'aikata ce. Tsakiyar hanjinta yana da tsami mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa, kuma bincike ya gano fiye da 50 na ƙwayoyin gado da ke sarrafa sinadaran yaƙi da ƙwayoyin cuta a jikinta. Idan aka busar da ita, kimanin kashi 40 cikin 100 sinadarin gina jiki ne, kimanin kashi 30 kuma mai. A kudancin Amurka an daɗe ana kiransa ƙudan masai, kuma tun shekarun 1950 aka lura cewa inda tsutsarsa ta mamaye kashin kaji, ƙudan gida yakan ragu ƙwarai.

Asalinsa nahiyar Amurka ne, jiragen ruwa suka raba shi a duniya. Samfurin farko da aka tabbatar a Turai an kama shi a tsibirin Malta a 1926, kuma zirga-zirgar Yaƙin Duniya na Biyu ta ƙara watsa shi a tsibiran tekun Pasifik. A 2014 wasu masu bincike na Italiya suka ba da rahoton samun tsutsarsa a akwatin gawar Isabella ta Aragon, wadda ta rasu a 1524 aka ajiye ta a Nafoli, suka ce watakila ya iso Turai tun farkon cinikin teku da Amurka. Wasu masana sun ja da wannan, domin tsutsar tana iya shiga akwatin daga baya.

Bincike mafi faɗi kan ƙwayoyin gadonsa shi ne na Cengiz Kaya da abokan aikinsa, wanda aka buga a 2021. Sun auna ƙudaje 2,862 daga wurare 150 a ƙasashe 57, suka sami gungu 16 mabambanta. Sakamakon ya nuna Amurka ta Kudu a matsayin tushe. Ya kuma nuna abin da ya kamata ya tsayar da kowane mai kiwo: mafi yawan ƙudajen da ake kiwo a duniya daga tsatso ɗaya suka fito na Amurka ta Arewa. A can ne, a jihar Jojiya, Craig Sheppard da Jeffery Tomberlin da abokansu suka tsara hanyar kiwonsa a keji, suka buga ta a 2002. Na daji a Afirka da Asiya kuwa suna da nasu bambancin, kuma an ga alamun cewa na kiwo suna kuɓucewa su gauraya da su.

Abin da wannan ke nufi ga Afirka ta Yamma

Rahoton Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2013 kan ƙwarin da ake ci ya buɗe ƙofa. Tarayyar Turai ta halatta garin ƙwari a abincin kifi a 2017, a na kaji a 2021. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta yi nisa wajen koyar da ƙananan manoma. Sana'ar tana tafe, kuma ilimin rabe-rabe yana da abin faɗa mata ta fuska uku.

Na farko, tantancewa. Wanda ya ajiye dusa da ruɓaɓɓen marmari don ya tara ƙwai daga daji yana iya tara Ptecticus ko wani ɗan Sarginae, domin tsutsarsu ta yi kama ga idon da bai saba ba, alhali girma da saurinsu ba ɗaya ba ne.

Na biyu, yanayi. Gwaji ya nuna cewa a digiri 36 kusan babu tsutsar da ke kaiwa ga zama babba, kuma busasshiyar iska tana kashe ƙwai. Zafin bazara a Kano da Sakkwato da Maraɗi yana wuce digiri 40, hunturu kuma yana busar da komai. Irin da aka saba da shi a keji mai na'urar sanyaya ɗaki zai sha wuya a rumfar kwano. Ƙudajen da suka daɗe suna rayuwa da kansu a jujin garuruwan nan su ne ya kamata a fara aunawa, kafin irin da aka shigo da shi ya haɗiye su.

Na uku, sauran iyalin. Masu zama a ruwa suna ba da labarin lafiyar fadama, masu zama a ɓawon itace suna tafiya tare da dajin da ake sarewa don gawayi. Nau'in da ya ɓace kafin a ba shi suna babu wanda zai san an yi asararsa.

Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙudajen soja iyali ne mai rassa 12 da ake ganewa da jijiyoyin fiffike, ƙahon ji da sulken tsutsa, cewa Amurka mai zafi ta fi ko'ina yawansu, kuma lissafin Afirka bai kammala ba. Kayan cike giɓin ba su fi ƙarfin jami'o'in yankin ba. Tarkon tanti da Basuwide René Malaise ya ƙirƙiro a shekarun 1930 tela zai iya ɗinka shi da yadin gidan sauro. Hanyar gane nau'i daga ɗan guntun ƙwayar gado, wadda Paul Hebert ya gabatar a 2003, ta yi arha. Akwai ma'ajiyar ƙwari a Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma babbar ma'ajiyar cibiyar binciken noma ta IITA kusa da Kwatano, inda za a ajiye samfura a kwatanta.

Don haka maƙalar tana kira ga sassan nazarin halittu da na aikin gona a Najeriya da Nijar su kafa tarkuna a fadamu, kasuwanni da gandun daji na tsawon shekara guda cur, damina da rani, su rubuta wuri da kwanan wata a jikin kowane samfuri, su ajiye kwafi a gida kafin su aika wani waje. Tana kira ga masu kiwo su riƙa rubuta inda suka samo irinsu, su kuma hana shi kuɓucewa. Tana kuma roƙon masana harshe su zauna da masana ƙwari su fitar da ɗan littafin hotuna da Hausa, wanda malamin gona zai riƙe a hannu ya nuna wa manomi bambancin zanzaro da ƙudan soja, da bambancin tsutsar da za a kiwata da wadda za a bari.